Kuben da ke cikin adakar Inna: labarin bindigogin aljihu, da tarin da ba zai kai ka gidan yari ba

A damunar bara ne, wata rana da aka kwana biyu babu wuta a unguwarmu Tudun Jukun. Waya ta mutu, fawa-bank ya mutu, kwamfutar da nake aiki da ita ma ta ce ga garinku nan. Ina zaune a tsakar gida ba aikin fari ba na baƙi, sai kakata Inna ta ce in shiga ɗaki in sauko mata da adakarta, tana son zare. A cikin adakar, ƙarƙashin tsofaffin zannuwa, na ga wata 'yar jakar fata baƙa ƙirin, ta bushe ta yi tauri, da marfi da maɓalli na tagulla, da wani ƙaramin aljihu dogo a gefenta. A ciki Inna ke ajiye allura da zare.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Kai dai ba ni zarena. Na wan kakanka ne, wanda ya je yaƙin Bama. Tun da aka kawo ni gidan nan haka na san shi, ba komai ciki."

Duk wanda ya taɓa buga PUBG ko Call of Duty zai gane siffar nan da kallo ɗaya: kuben ƙaramar bindiga ne, aljihun gefen kuma na gidan harsashi ne na ko-ta-kwana. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙanƙantarsa. Da aka kawo wuta na sa wayata a ciki don gwaji, sai ga kanta ya leƙo waje. Wace irin bindigar soja ce wayar salula ta fi ta tsawo?

Na fara da Google Lens, kamar yadda kowa zai yi. Ya nuno mini walat, ya nuno mini gidan tabarau, har da jakar kamfas. Sai na ɗauko rula na auna cikin kuben, na samu kimanin santimita 15 zuwa 16, na shiga bincike da wannan awon. Daga nan ne na faɗa cikin wata duniya da ban san da ita ba, ta masu tara ƙananan bindigogin aljihu na farkon ƙarni na 20. Yau kusan shekara guda ke nan ban fito ba.

Na'urar aljihu ta zamanin da

Za ka ce me ya haɗa shafin waya da kwamfuta da bindiga? Yi haƙuri ka biyo ni, domin labarin nan labarinmu ne sak: yadda ake ɗaukar babbar na'ura a matse ta har ta shiga aljihu, kamfanoni su yi ta gasa, 'yan kwaikwayo su shigo, kasuwa ta cika da jabu.

Abin ya faro ne daga albarushi. Tsohon albarushi baƙi, irin wanda 'yan bindigar Sarki ke ɗurawa ranar hawan salla, yana barin hayaƙi da toka mai yawa. Duk na'urar da ke da ƙananan sassa masu motsi, wannan tokar za ta toshe ta bayan harbi kaɗan. A 1884 wani masanin sinadarai na Faransa, Paul Vieille, ya fito da albarushi marar hayaƙi. Shi ne ya buɗe ƙofa, kamar yadda batirin litiyam ya buɗe wa wayar zamani ƙofa. Ba don shi ba, da duk zanen da ke kan takarda bai yi aiki ba.

Mutumin da ya fi kowa cin moriyar wannan shi ne John Moses Browning, Ba'amurke da aka haifa a 1855 a garin Ogden na jihar Utah. A shagon babansa ya koyi aiki, bai yi doguwar makaranta ba. Ba zan ɓoye ba, wannan ya sa na ji ya kwanta mini, ni da na koyi rubuta manhaja a YouTube da datar dare. A 1897 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin FN da ke Herstal kusa da Liège a Beljiyam. An kafa kamfanin ne a 1889 don ƙera wa sojan Beljiyam manyan bindigogi, kuma da kwangilar ta ƙare sai ya koma har kekuna yake yi don kada injuna su zauna. Browning ya kawo musu zanen wata ƙaramar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi, wadda ta zama FN 1900.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba, shi ne kuma ke tura murfin saman bindigar baya. Murfin ya ja baya ya tofar da kwanson da aka harba, sifirin ya dawo da shi, a hanyarsa ta dawowa ya kwaso sabon harsashi. Babu batir, babu mota, ƙarfin da da zai tafi a banza ne aka sa shi aiki. Wannan murfi mai zamewa da kake gani a kusan kowace fistol ta fim ko ta gem a yau, daga nan ya yaɗu. An ƙera FN 1900 sama da 700,000 kafin yaƙin duniya na farko, har ta kai a Faransa da wasu ƙasashen Turai kowace ƙaramar bindiga irin wannan "browning" ake ce mata, kamar yadda mu kowane garin sabulu Omo ne, kowane ɗanɗanon miya Maggi ne.

Daga nan sai gasar ƙanƙanta. Colt na Amurka ya fitar da wani zanen na Browning a 1903, wanda aka ɓoye hamarsa a ciki don kada ta kama tufa in za a zaro ta daga aljihu. An ci gaba da yin ta har 1945, kuma a yaƙin duniya na biyu irinta ake ba manyan janar-janar na Amurka. FN ya sake fito da wata a 1906 mai harsashin milimita 6.35, tsawonta kimanin santimita 11 da ɗoriya, wato wayar da ke hannunka yanzu ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Sai FN 1910, siririya mai santsi. Jamusawa suka shigo da Mauser 1910 da 1914, da Sauer 1913, da Dreyse 1907. Italiya ta kawo Beretta 1915. Can ƙarshen layi akwai Kolibri, wadda wani mai gyaran agogo ɗan Ostiriya, Franz Pfannl, ya ƙera wajen 1914, harsashinta milimita 2.7, kamar ƙwayar shinkafa. Wadda ba ta da wani amfani a fagen fama, amma masu gem suka san ta saboda an sa ta a Battlefield 1 na 2016, inda ake kashe abokin hamayya da ita don a wulaƙanta shi.

Kada ƙanƙantar ta ruɗe ka. Ranar 28 ga Yuni 1914, a birnin Sarajevo, wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, da matarsa Sophie. FN 1910 ce a hannunsa. Wata guda bayan nan yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Motar da aka harbe su a ciki tana gidan tarihin soja na Vienna, tare da wasu daga bindigogin da 'yan ƙungiyar suka ɗauka a ranar. Abin da bai kai wayarka tsawo ba ke nan.

Ruby, ko kuma zamanin da kowace waya ke da cajarta

A duk cikinsu wadda ta fi ba ni dariya da tausayi ita ce Ruby, kuma ita ce ta fi koya mini wani abu game da aikina.

Da yaƙi ya koma na ramuka a 1914 da 1915, sojan Faransa ya gano cewa akwai dubban mutanen da doguwar bindiga ke hana su aiki: masu jan wayar tarho, masu ɗaukar waɗanda aka raunata, masu kula da igwa da mashinga, da masu kutsawa ramin abokan gaba da dare. Suna bukatar ƙarama. Masana'antun Faransa kuwa sun cika da aikin manyan bindigogi. Sai aka juya Sifen, wadda ba ta cikin yaƙin. A yankin Basque akwai wani gari, Eibar, cike da ƙananan maƙera, kuma sun riga sun saba kwaikwayon zanen Browning, domin dokar ƙasarsu ba ta kare haƙƙin ƙirƙirar da mai ita bai zo ya ƙera a cikin ƙasar ba. In ka ce Eibar ce Shenzhen ta wancan lokaci, ba ka yi ƙarya ba.

A 1915 Faransa ta ba kamfanin Gabilondo y Urresti kwangilar guda 10,000 a wata. Ba a jima ba aka ce 30,000, sannan 50,000. Kamfanin ƙarami ne, ba zai iya ba, sai ya raba aikin ga maƙwabta, daga baya kuma Faransa ta riƙa saye kai tsaye daga wasu. Kafin yaƙi ya ƙare, kamfanoni gommai ne ke ƙera "Ruby", kowa da nasa awon. A ido duk iri ɗaya ne, harsashinsu ɗaya, milimita 7.65, guda tara a gida. Amma gidan harsashin wannan kamfani ba lalle ya shiga bindigar wancan ba, in ma ya shiga ba lalle ya yi aiki ba. Ka ƙiyasta soja a cikin rami, cikin taɓo, da dare, ya karɓi gidan harsashi daga abokinsa ya ƙi shiga.

Maganin da Faransawa suka yi shi ne buga haruffa na alamar kamfani a jikin bindigar da kuma gindin gidan harsashin, don a riƙa haɗa kowa da nasa. Wanda ya yi zamanin Nokia mai siririn baki, da Nokia mai kaurin baki, da Sony Ericsson mai faɗi, da Samsung mai nasa daban, ya san wannan ciwon. Sai a ƙarshen 2024 dokar Tarayyar Turai ta tilasta USB-C a kan sababbin wayoyi, Apple ma sai a iPhone 15 ya sauko. Matsalar da aka gani a ramukan Faransa ta ɗauki fiye da shekara ɗari tana bin mu.

Abin mamaki, wannan rikicin ne ya sa Ruby ta zama abin so ga masu tarawa. Wani zai ƙare rayuwarsa yana neman ta kowane kamfani, da gidan harsashin da haruffansa suka dace da ita.

Me suke dubawa? Kusan abin da kake dubawa in za ka sayi waya ta hannu a PZ. Kai kana danna *#06# ka ga ko IMEI ya yi daidai da na kwali. Su suna duba ko lambar da ke jikin gangar ta yi daidai da ta murfi da ta bututu. Kai kana duba ko an taɓa canza gilashi. Su suna duba ko an sake yi mata baƙin fenti, domin wadda ta kwana da tsohon launinta, ko ya koɗe, ta fi wadda aka gyara ta yi ƙyalli daraja. Akwai kuma hatimin gwaji. Duk bindigar da ta fito daga Liège tana da haruffan ELG cikin wani ƙawanya mai siffar ƙwai, na Jamus kuma akwai kambi a kan harafin N. Sannan hatimin karɓa na soja, wanda shi ke bambanta wadda gwamnati ta saya da wadda wani attajiri ya saya don aljihun kwat ɗinsa. Wannan hatimin na ƙarshe shi ke ɗaga farashi, saboda haka shi 'yan damfara suka fi bugawa na jabu. Hali dai ɗaya ne ko'ina.

To, mu a nan fa?

A shekarun da Browning ke matse bindiga ta shiga aljihu, nan Zariya wani labarin ake yi. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda a ciki aka taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka. Abin da aka bar wa 'yan ƙasa shi ne bindigar toka mai ɗuri ta baki. Sarakuna sun yi ƙoƙarinsu. A Damagaram, Sarki Tanimun har igwa ya sa aka riƙa zubawa, ana kuma haɗa albarushi a gida. A Zazzau, Sarki Yero, wanda ya yi mulki a shekarun 1890, ya ƙarfafa rundunar 'yan bindiga, kamar yadda M. G. Smith ya kawo a littafinsa na tarihin mulkin Zazzau da ya fito a 1960. Ka lura da kalmar: a lokacin "'yan bindiga" sunan wata runduna ce ta fada. Yau in ka ji ta a rediyo gabanka ne ke faɗuwa.

Turawa sun kafa sansani a Zariya a 1902 zamanin Sarki Kwasau. Daga nan garin ne rundunar Kanar Morland ta tashi a ƙarshen Janairun 1903, da igwa da mashingar Maxim, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sakkwato ta biyo baya a watan Maris, Burmi a Yuli. Sojojin da ke cikin rundunar akasarinsu 'yan Afirka ne, Hausawa da yawa a ciki, kuma dogayen bindigogi suke ɗauka. Ƙaramar bindiga ta hafsa ce, hafsa kuwa Bature ne. Ta Ingilishi ma ba ta aljihu ba ce, libarba ce ƙatuwa ƙirar Webley. Wato a ƙasar nan fistol ta fara ne a matsayin alamar muƙami, wadda ake gani a ƙugun mai ba da umarni.

Amma sojojinmu sun je inda ƙananan suke. Daga 1914 zuwa 1916 sun yaƙi Jamusawa a Kamaru. Garwa ta faɗi a Yunin 1915, dutsen Mora kuma bai miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. Daga nan aka kai su gabashin Afirka. A yaƙi na biyu, runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka tafi ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, wasu 'yan Nijeriya kuma suka shiga cikin dakarun Chindit a 1944. Sunan da barikin Chindit na nan Zariya ya samo ke nan, inda Defo take, wadda ke horar da kuratan soja tun 1924. Sau nawa ka wuce ƙofar barikin nan a Keke Napep ba ka taɓa tambayar ma'anar sunan ba? Ni dai sau ba adadi.

Ga inda kuben Inna ya shigo. Hafsoshin Japan da kuɗinsu suke sayen ƙaramar bindigarsu, kuma da yawansu sun fi son na Turai da Amurka, musamman FN 1910 da Colt 1903. FN 1910 tsawonta santimita 15 da 'yan kai. Awon da rulata ta ba ni ke nan. Mauser 1914 da Ruby ma kusan tsawonsu ke nan, kuma kuben ba shi da hatimi ko ɗaya da ya rage, don haka ba zan rantse ba. Sai dai hanyar da jakar fata irin wannan za ta bi daga dajin Bama zuwa adaka a Tudun Jukun a buɗe take, ba sai an yi dogon hasashe ba.

Saƙon da ya shigo mini da dare

Na yi wauta ɗaya. Na ɗora hoton kuben a wani zauren Facebook na masu sha'awar tarihin Arewa, ina tambaya ko wani ya san irinsa. Kwana biyu bayan nan sai ga saƙo ta akwatin sirri daga wani da ban sani ba, babu hotonsa, shafin ma sabo ne. Ya turo hoton wata ƙaramar bindiga mai tsatsa a kan buhu. Ya ce ta zamanin Turawa ce, za ta shiga kubena daidai. Ya faɗi kuɗi, ya ce in tura rabi. Da na ce ai haramun ne a doka, sai ya ce, "Haba malam, kayan tarihi ne, ba ya bukatar lasin."

Wannan jimlar ce ta sa na rubuta wannan maƙala, domin na san ba ni kaɗai ake tura wa irinta ba, kuma ƙarya ce tsagwaronta.

A wasu ƙasashe akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Dokar tarayya ta Amurka tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin ta tarihi, kuma akwai lasin na musamman ga masu tara waɗanda suka haura shekara 50. Ingila ma tana da sassauci ga wasu tsofaffin da harsashinsu ya daina samuwa. Bidiyon da kake kallo a YouTube, irin na Forgotten Weapons da C&Rsenal, a ƙarƙashin irin waɗannan dokoki ake yin su.

Nijeriya ba haka ba ce. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasinta. Bindigar farauta ta zamani, Sufeto Janar. Kashi na sama kuwa, wanda ake kira haramtattun makamai, Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izininsa, kuma a nan aka sa fistol da libarba, jere ɗaya da mashinga da gurneti. Dokar ba ta ce sababbi kaɗai ba. Ta ambaci har fistol mai ƙanƙara da mai hula, waɗanda suka girmi kakan kakanka. Hukuncin mallakar irin wannan ba da izini ba ɗaurin aƙalla shekara goma ne. Tsatsa ba hujja ba ce a gaban alƙali, "na gada ne" ma ba hujja ba ce.

Kuma ka yi tunanin wanda ke ɗaya gefen wayar. Ko dai ɗan damfara ne da ya sauko da hoton daga intanet, ka tura rabi ya toshe ka, ba ka da bakin kai ƙara, domin me za ka ce ka je saye? Ko kuwa da gaske yana da ita, wanda ya fi muni, don ka shiga cikin jerin lambobin wayar mai safarar makamai, a Jihar Kaduna, a wannan zamani da kowa ya san abin da hanyoyin Birnin Gwari da Giwa suka gani. Ranar da aka kama shi, wayarsa za a fara buɗewa. Na sa hoton nasa a binciken hoto na Google, sai ga shi a wani shafin gwanjo na ƙasar waje, an yanke gefensa kawai. Na toshe shi, na goge abin da na ɗora.

Haka nan masu ɗaukar hoto da bindiga don TikTok, ko ta roba ce, ko ta aro. Bidiyon ba ya ɗauke da bayanin cewa wasa kake yi. In kuma da gaske ka ci karo da tsohuwar bindiga a kayan gado, kada ka goge ta, kada ka gwada kunamarta, kada ka ɗauki hoto ka watsa; harsashin da ya shekara 80 yana iya tashi. A sanar da babba a gida, a sanar da mai unguwa, a kira 'yan sanda su zo su ɗauka, maimakon kai ka sa ta a aljihu ka hau babur ka nufi shingen bincike.

Tarin da nake yi

Sha'awar ba ta mutu ba, sai na juya ta inda na fi iyawa. Na fara da Google Sheets: suna, kamfani, ƙasa, shekara, girman harsashi, tsawo, nauyi, sojan da ya yi amfani da ita, da inda na samo bayanin. Da layuka suka yi yawa na mayar da su SQLite, na rubuta 'yar manhajar Android da ke aiki ba tare da data ba. Kana sa tsawo a santimita, ta jero maka waɗanda suka dace. Don kuben Inna na yi ta, ba don kowa ba.

A nan Ruby ta koya mini darasin da wani kwas bai koya mini ba. Da farko na sa lambar jikin bindiga ta zama mabuɗin kowane layi, ina ganin ai kamar IMEI ce, ba ta maimaituwa. Sai rumbun ya fara ƙin karɓar sababbin bayanai. Ashe kowane kamfani a Eibar da nasa ƙidayar yake, lamba ɗaya tana iya fitowa a wuri biyar. Dole na rushe teburin na haɗa alamar kamfani da lamba su zama mabuɗi tare, wato daidai abin da sojan Faransa ya yi da guduma da hatimi. Dare biyu ya ci mini.

Kayan aikin duk kyauta ne. Gidan makamai na Royal Armouries da ke Leeds a Ingila ya sa tarinsa a intanet da hotuna da awo. Wikimedia Commons na da hotuna masu lasin da ya halatta ka yi amfani da su, in dai ka karanta sharaɗin kowanne. A Google Patents za ka samu zanen Browning na asali, da kowane sifirin da lambarsa, kuma wa'adin haƙƙinsu ya ƙare tun tuni. Ni zanen ma ya fi burge ni a kan bindigar. A Sketchfab akwai siffofi masu juyawa da za ka duba ta kowane gefe. In data ta yi ƙasa, saukar da bidiyo a 360p da dare ya wadatar, tunda bayanin ake bi.

Abin da ya dame ni shi ne, cikin sa'a guda zan iya samo maka awon wata bindiga da aka yi a wani ƙauyen Sifen a 1916, amma na nemi hoto mai kyau, da awo, da sunan maƙerin bindigar toka ta Zazzau, na sha wuya. Kayan suna nan. Gidan Makama a Kano na da kayan yaƙin da, akwai gidan tarihi na ƙasa a Kaduna, akwai gidan tarihin yaƙi a Umuahia, ga kuma 'yan bindigar fada da ke fitowa kowace salla da bindigogin da wasunsu gado ne. Kuma yanzu wayar Android mai matsakaicin kuɗi, da manhaja irin Polycam ko KIRI Engine, tana iya haɗa siffar abu daga hotuna: ka zagaya shi kana ɗauka, a inuwa, ba a rana tsaka ba, manhajar ta ɗinke su. Sai dai a nemi izini tukuna, a rubuce in gidan tarihi ne, ta hannun manya in fada ce. Ba a shiga da waya tsirara a fara ɗauka.

Na gwada da kuben. Na ɗora shi a kan turmi da na kifa a ƙarƙashin darbejiya, na ɗauki hoto 70 da wani abu. Karo na farko ya fito kamar ƙosai, saboda fatar baƙa ce kuma manhajar ba ta samu abin kamawa ba. Da na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashinsa sai ya fito har da ɗinkin gefe da tsagar da ke kusa da maɓalli. Shi ne abu na farko a rumbuna da ba daga intanet na samo shi ba, kuma a gurbin "bindiga" na rubuta "babu".

Na nuna wa Inna a waya, ina juya shi da yatsa. Ta kalla, ta ce in juya mata bayansa, na juya. Ta ce to ta gani, in mayar mata da abinta cikin adaka, kuma allurarta babba ɗaya ta ɓace tun ranar da na ɗauka.